Siffanta Abin da Ido Bai Gani Ba: Lacca a Kan Neman Hoto Daga Na'ura

Laccar da aka gabatar a garin Karfi, ƙasar Malumfashi, gaban malaman makaranta da matasa masu sana'a

 

  

An ɗora mini nauyin in yi muku bayani a kan wani sabon al'amari wanda ya shigo hannun jama'a ba tare da sallama ba, watau yadda mutum zai rubuta 'yan kalmomi a wayarsa, ya aika wa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, kafin ya gyara zama sai ga hoto ya bayyana, alhali babu mai zanen da ya zana shi, babu kuma mai kyamarar da ya ɗauka. Na san da dama daga cikin samarin da ke zaune a nan sun riga sun taɓa abin, domin tun watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya sanya irin wannan mataimaki cikin WhatsApp ga mutanen Nijeriya, ga kuma ChatGPT da Gemini waɗanda ba a rasa su a wayoyin 'yan makaranta. Na kuma san galibin waɗanda suka taɓa ɗin sun ajiye da takaici, saboda sun nemi gonar garinsu aka miƙo musu wata gona da ba su san a wace nahiya take ba. Maƙasudina yau in bayyana sababin wannan takaici, sa'an nan in nuna maganinsa, wanda a ganina yana hannun mutanen wannan ƙasa tun kafin a ƙera na'urar.

Wajibi ne mu fara da sanin yadda aka karantar da ita, gama wanda bai san malamin almajiri ba, ba zai gane inda karatunsa ya karkata ba. Masu wannan fasaha sun bi intanet suka tattaro hotuna, kowane hoto haɗe da ɗan rubutun da aka samu kusa da shi, kana suka yi ta nuna wa na'ura hoto da rubutunsa, hoto da rubutunsa, har ta kai ga ƙulla alaƙa tsakanin lafazi da kamanni. Wata ƙungiya ta ƙasar Jamus mai suna LAION ta fitar da irin wannan taska a 2022, mai ɗauke da hotuna biliyan 5.85 tare da rubutunsu, wadda daga cikinta aka shayar da Stable Diffusion, ɗaya daga na'urori uku da suka yi tashe a wannan shekara, sauran biyun kuwa su ne Midjourney da DALL-E 2. Daga cikin waɗannan hotuna, kimanin biliyan 2.3 rubutunsu na Ingilishi ne tsantsa, akasarin saura kuwa harsuna fiye da ɗari ne suka raba, don haka ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane rabon Hausa a wannan gado. Game da yadda take zanen, an koya mata ne ta hanyar ɓata hoto da ɗige-ɗige kaɗan-kaɗan har ya ɓace ƙurmus, sa'an nan a ce ta komo da shi. Da ta gwanance da haka, sai ya zama in ka ba ta umarni, takan fara da allon da babu komai a kansa sai ɗige-ɗige barkatai, ta yi ta sharewa mataki-mataki, kalmominka suna yi mata jagora, har sura ta fito. Saboda ɗige-ɗigen farko sukan bambanta kowane karo, umarni ɗaya yakan haifi hotuna dabam-dabam, kada wannan ya ba ku mamaki.

To, daga wannan bayani wata ƙa'ida ke fita, wadda in kun riƙe ta kun riƙe rabin laccar: duk abin da ka yi shiru a kansa, na'ura za ta cike gurbinsa da abin da ya fi yawa cikin abin da ta gani. Ita kuwa ba ta taɓa taka Karfi ba, ba ta ga auduga ta fashe a gonakin Funtuwa ba, ba ta ci kasuwar Malumfashi ba. Abin da ta gani da sunan Afirka, akasarinsa hotunan 'yan yawon buɗe ido ne da na ƙungiyoyin agaji, shi ya sa in ka ce mata ƙauye a Afirka sai ta kawo maka bukkoki a fili fetal, da bishiya mai shimfiɗaɗɗen kai irin ta Kenya, la'alla har da raƙumin dawa yana leƙe. Wannan ba zargi ba ne na mai jin haushi, an gwada an rubuta. A 2023 jaridar Rest of World ta sa Midjourney ta zana hotuna 3,000 na mutane da gidaje da tituna da abinci na ƙasashe shida, har da Nijeriya, sai ta iske na'urar tana dunƙule kowace al'umma cikin fuska ɗaya: mutumin Indiya kusan kullum tsoho ne mai gemu, na Meziko kuwa ba ya rabuwa da faffaɗar hula. A wannan shekarar kuma wasu masu bincike, cikinsu akwai Arsenii Alenichev, suka ba da rahoto a mujallar Lancet Global Health cewa sun nemi hoton likitoci baƙaƙen fata 'yan Afirka suna duba yara farare marasa lafiya, suka jarraba fiye da sau 300, amma na'urar ta yi ta mayar da yaran baƙaƙe, domin haka ta saba gani. Ku lura da wannan misali na biyu da kyau, gama yana nuna cewa wani lokaci ko ka faɗa mata ƙarara, al'adarta takan rinjayi umarninka, balle fa in ba ka faɗa ba.

Malamaina da ke zaune a gaba, da izininku zan shiga gonarku kaɗan. Sa'ad da na yi ta tunanin wane ilmi ne a cikin iliminmu ya fi kusa da wannan sana'a, ban ga wanda ya kai babin ciniki a fiƙihu ba, musamman mas'alar salam, watau mutum ya biya kuɗi yanzu a kan kayan da za a kawo masa nan gaba. Shari'a ta halatta wannan ciniki saboda bukatar manoma da 'yan kasuwa, amma ta gindaya masa sharuɗɗa, babbansu kuwa shi ne a siffanta kayan siffa wadda za ta kawar da jahala da garari: a faɗi jinsinsa, a faɗi nau'insa, a faɗi kyansa ko matsakaicinsa, a faɗi awonsa, a faɗi ajalinsa. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan wannan. Malamai ba su yarda mutum ya ce na biya kuɗin hatsi ya yi shiru ba, domin ranar cikawa mai sayarwa zai kawo abin da ya fi masa sauƙi, mai saye kuwa ba shi da hujjar ƙi, tun da bai ambata kome ba. Har ila yau Imamu Malik ya yarda a sayar da ƙunshin tufafi ba tare da an kwance ba, bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, muddin kayan sun dace da abin da aka rubuta. Ashe kuwa ƙarni da ƙarnoni malaman wannan ƙasa suna koyar da almajirai yadda ake tsare haƙƙi da kalma game da abin da ido bai gani ba. Malaman manɗiƙi su ma, waɗanda ke karantar da Sullam na Shehu Abdurrahman al-Akhdari, shi dai mai littafin Ahalari da yaranmu ke farawa da shi, sun sharɗanta cewa ta'arifi na ƙwarai sai ya tattaro dukkan abin da ake nufi, ya kuma hana baƙo shiga. Mai rubuta wa na'ura umarni a matsayin mai biyan salam yake, na'urar kuwa mai sayarwa ce wadda kullum za ta kawo abin da ya fi yawa a rumbunta. Siffar da ka rubuta ita ce kaɗai hujjarka a kanta.

Ga waɗanda ba su yi nisa a littattafai ba, ku tuna da mai cigiya a kasuwa. Ba a taɓa jin wanda akuyarsa ta ɓata ya tsaya yana shelar cewa kyakkyawar akuya ce mai ban sha'awa ba; cewa yake ja ce mai farin goshi, kunnen hagu a tsage, tana da ciki, da guntun igiya a wuya. Masu fara wannan sana'a kuwa akasin haka suke yi: sai su cika umarninsu da kalmomin yabo, mai kyau ƙwarai, na musamman, wanda babu irinsa, alhali yabo ba shi da sura, na'ura ba ta da abin da za ta zana daga cikinsa face ƙyalƙyali da launi mai yawa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce malamin firamare yana son hoton noman damina domin darasi, ko mai shagon taki da iri yana son hoton kalandar da zai raba wa abokan cinikinsa. Ya rubuta: “Manomi a gona.” Abin da zai samu, a galibi, Bature ne ja-jawur da wandon aiki mai igiya a kafaɗa, a tsakiyar alkama, tarakta a bayansa. Ya gyara ya ce manomi ɗan Nijeriya; yanzu fatar ta yi daidai, amma mai yiwuwa ya ga mutum cikin rogo da kwakwar manja, ko kuma sanye da babbar riga mai aiki kamar zai tafi ɗaurin aure, yana riƙe da wata fartanya da babu maƙerin da ya taɓa ƙera irinta. Kowane gyara ya toshe ƙofa ɗaya ya bar tara a buɗe. Mai hankali sai ya ajiye wayar tukuna, ya rufe ido, ya kawo gonar da ya sani, ta hanyar Dayi ce ko ta bayan gari, ya tambayi kansa me yake gani da gaske, sa'an nan ya rubuta kamar haka:

“Hoto irin na kyamara. Manomi Bahaushe na arewacin Nijeriya, baƙin mutum siriri mai kimanin shekara 50, da ɗan gemu mai furfura, sanye da tsohuwar riga shuɗiya mai dogon hannu wadda ta koɗe, da faffaɗar hular kaba a kansa. Yana riƙe da garmar ƙarfe wadda bijimai biyu ke ja. Bijiman farare ne, masu tozo da dogayen ƙahoni, an haɗa wuyansu da itace guda. Ƙasa mai ɗan ja ce, da damshi, an ja mata kunyoyi dogaye. Masara kore ce, tsawonta ya kai gwiwa. Can nesa bishiya ɗaya mai faɗin inuwa, sama da gajimaren damina. Hasken hantsi yana zuwa daga dama. An ɗauka daga gefe, mutumin da shanun duk sun fito tun daga kai har ƙafa.”

Ku dubi abin da kowace jumla ta yi. Ambaton tozo da ƙaho da fari shi ne ya hana ta kawo saniyar Holan mai baƙi da fari wadda ta cika taskarta, ya tilasta mata ta nemo wani abu kusa da bunajinmu. Cewa rigar tsohuwa ce ta koɗe ya tuɓe wa manomin kayan salla. Tsawon masara da gajimare sun tsayar da lokaci, wannan kuwa muhimmi ne ƙwarai, domin na'ura ba ta san kalandar noma ba: ba ta jin kunyar ta ajiye auduga fara tas kusa da masarar da ba ta yi bunni ba, ko ta sa dammunan dawa a gindin rumbu alhali sama ta haɗa hadari, abin da ko yaron da ke kai abinci gona zai yi wa dariya. Ku kuma lura ban ce ɗorawa ba, na ce bishiya mai faɗin inuwa. Ban ce malfa ba, na ce faffaɗar hular kaba. Dalili shi ne, duk abin da kake zaton na'ura ba ta san sunansa ba, to ka ba ta surarsa. Rumbu, alal misali, in ka ambaci sunansa kawai, kana iya samun dogon gwangwanin ƙarfe irin na Amurka. Amma in ka ce ɗan gini ne zagayayye na jar laka, mai tumbi, an ɗora shi a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, ba shi da ƙofa a gindi, an kifa masa murfin ciyawa mai tsini, sai ka ga ta kusato. Haka zaure da zankwayensa, haka tukunyar tuwo a kan murhu mai duwatsu uku, haka mangala a bayan jaki. A nan ne nake ganin yaron Karfi ya fi ƙwararren mai zane na Landan, in dai abin da ake nema hoton ƙasar nan ne, gama wancan ya san maɓallan na'ura, wannan kuwa ya san abin da ya kamata ya fito. Sai dai kash, yawancinmu muna wuce rumbu kullum ba mu taɓa tsayawa mun ƙidaya duwatsun gindinsa ba.

Akwai abubuwa uku da masu farawa kan mance, zan ambace su a gurguje. Nau'in hoto: na kyamara kake so, ko zanen fensir, ko zane mai sauƙi irin na littafin yara, domin in ka yi shiru za ta ba ka wani abu mai santsi da sheƙi wanda fuskokinsa suka yi kama da roba. Haske: hantsi, ko tsakar rana, ko la'asar sakaliya, ko hazon hunturu wanda ke dushe nesa, ko fitilar waya cikin ɗaki da dare. Sai tsayi da faɗi: hoton da za a sa a fuskar waya tsaye ake so, na allon shago kwance, in kuma za a yi rubutu a kai sai ka ce a bar fili a sama ko a gefe.

Mas'alar hani ta fi waɗannan wuyar sha'ani. Yawancin na'urorin nan, musamman na farko-farko, ba su iya jin “kada” ba: ka ce hanyar ƙauye babu mota, ita kuwa kalmar mota ta ji, sai ga mota. Gara ka faɗi abin da kake son ya cika wurin, ka ce hanyar ƙasa wadda mutane biyu ke tafiya a kai da ƙafa, da amalanken shanu a nesa. Wasu manhajojin, kamar Stable Diffusion da Midjourney, sun tanadi wuri dabam inda ake lissafa abin da ba a so, can ne mahallin hani. Game da tsawon umarni kuwa, a san cewa tsofaffin na'urori suna da iyaka, Stable Diffusion na farko ba ya karanta abin da ya wuce guntayen kalmomi 77, saura duk asara. Na yanzu, tun daga DALL-E 3 na 2023 zuwa waɗanda ke cikin ChatGPT da Gemini, suna ɗaukar dogon zance cikin jumloli sosai, har sukan faɗaɗa umarninka da kansu kafin su zana, wanda wani lokaci alheri ne, wani lokaci kuwa nan ne baƙin abubuwa ke kutsowa. Ko da wacce kake aiki, ka gabatar da mafi muhimmanci, ka jinkirta ƙawa, kada kuma ka tara mutane goma kowa da aikinsa cikin hoto ɗaya, domin sai ta ɗauki hular wannan ta ɗora wa wancan.

Sai batun harshe, wanda na san yana cin zukatanku. Gaskiya ita ce har yanzu waɗannan na'urori sun fi jin Ingilishi nesa ba kusa ba, ko da yake manyansu suna fahimtar Hausa gwargwado. Shawarata ita ce ka yi tunaninka da Hausa, ka rubuta siffarka cikakkiya da Hausa, domin da harshen da ka san gona da shi za ka fi ganin gona. Sa'an nan ka fassara, ko da kanka, ko da Google Translate wanda ya karɓi Hausa tun 2013, ko ka roƙi mataimakin ya fassara maka ya nuna maka kafin ya zana. Amma ka bi fassarar da ido, ko ka ba wanda ya fi ka Turanci ya duba, gama kalmominmu masu fuska biyu, irin su dawa da kunya, sukan fita da ma'anar da ba ka nufa ba.

Kada kowa ya zaci hoto na farko shi ne na ƙarshe. Wani Ba'amurke mai suna Jason Allen, wanda hotonsa na Midjourney ya ci gasar zane a bikin baje koli na jihar Kolorado a 2022 har aka yi ta ce-ce-ku-ce, ya shaida wa hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasarsu cewa ya sake umarninsa aƙalla sau 624 kafin ya samu abin da yake so. Duk da haka hukumar ta ƙi yi masa rajista a 2023, bisa hujjar cewa aikin na'ura ya yi yawa a ciki, wannan kuwa abin lura ne ga masu niyyar yin bangon littafi ko tambarin kaya. A nan gida, Malik Afegbua na Legas ya ja hankalin duniya a farkon 2023 da hotunan tsofaffi 'yan Afirka suna takun ƙasaita cikin ado a dandalin nuna tufafi, abin da na'urar ba ta saba haɗawa ba, sai da mai ido ya matsa mata. Ba na ce ku yi ɗari shida ba, kuɗin data ma ba zai bari ba. Abin da nake cewa shi ne ku yi gyara irin na mai hankali: ka dubi hoton, ka gano aibi guda, ka canja jumla guda, ka sake aikawa, in ka canja abu biyar a lokaci ɗaya, ko hoton ya gyaru ba za ka san wanne ne ya gyara shi ba. Sababbin manhajoji suna karɓar gyara cikin zance, ka ce a bar komai yadda yake a canja hular kawai; suna kuma karɓar hoton da ka ɗauka da wayarka a matsayin abin koyi, wannan kuwa ita ce hanya mafi gajarta ga abubuwanmu da ba ta sani ba, ka ɗauki rumbun gidanku ka nuna mata. Ka kuma tanadi ɗan littafi kana rubuta umarnin da ya yi kyau, domin watan gobe ba za ka tuna ba.

In hoto ya fito ya burge ka, to lokacin bincike ya yi. Ƙidaya yatsu, ƙidaya ƙafafun shanu, dubi inda igiya ta fara da inda ta ƙare, dubi ko garmar tana haɗe da abin da ke janta. An samu ci gaba a wannan fanni, amma ba a gama ba. Rubutu cikin hoto kuwa, musamman na Hausa, ku yi hattara da shi: sau da yawa takan daidaita ƙ da ɗ da ɓ su koma marasa lanƙwasa, ko ta ƙago haruffan da babu su, ajami da Larabci kuwa takan yi musu zane mai kama da rubutu wanda ba ya karantuwa, abin da ke da hatsari in aka ce aya ko addu'a ake nufi. Ka nemi hoto babu rubutu, ka sa rubutunka da hannunka a wata manhaja.

Akwai wurin da nake roƙon kada a yi amfani da ita sam. Wannan yanki ya saba da malaman gona tun zamanin aikin bunƙasa noma na Funtuwa wanda Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1970, manomanmu kuwa sun saba gaskata hoton da malami ya nuna musu. To, in ana son a koya wa manomi ya gane tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara ganinta a Nijeriya a 2016, ko ya bambance ƙuduji da wata ciyawa, ko ya san alamar cuta a ganyen auduga, hoton gaskiya ake bukata wanda kyamara ta ɗauka. Na'ura za ta zana maka tsutsa kyakkyawa wadda Allah bai halicci irinta ba, manomi ya je ya sayi maganin da ba shi ne ba.

Saura mas'aloli biyu na addini, ta farko ba tawa ba ce. Hukuncin surar abu mai rai malamai sun yi maganganu a kai tun da daɗewa: mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya tabbata a kan gunki mai inuwa, cikakken halitta, zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa kuwa bai kai can ba, ko da yake barinsa ya fi; wasu malaman kuma sun tsananta fiye da haka, sun haɗa duka. Yadda za a ɗora hoton na'ura a kan wannan saɓani, na bar wa ma'abota fatawa, ga su nan zaune. Wanda ya zaɓi tsantseni yana da fili mai faɗi, gonaki da gine-gine da kayan sayarwa da zayyana; abin da babu mai jayayya a kansa a cikinmu shi ne ba a kusantar surar Annabawa da Sahabbai, ko da wasa.

Ta biyu kuwa babu saɓani a cikinta, ita ce ƙarya. A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya zaga duniya, mutane da yawa suka gaskata, alhali Midjourney ce ta yi shi. Bayan wata biyu wani hoton ƙarya na fashewar bam kusa da hedikwatar sojan Amurka ya girgiza kasuwar hannun jarinsu na ɗan lokaci. In haka ta faru ga masu jaridu da na'urorin tantancewa, ina ga ƙasarmu ta kudancin Katsina, inda shekarun nan na 'yan bindiga suka sa zukata a ɗar-ɗar, hoto guda na hayaƙi da babura a WhatsApp yana iya watsa kasuwa ko ya sa mutane su kwana a daji? Haka wanda zai ɗauki hoton 'yar mutane ya ba na'ura ta sauya mata tufafi ko ta ajiye ta inda ba ta je ba, wannan ƙazafi ne, kasancewar da yatsa aka yi shi ba da baki ba bai rage masa kome ba. Mai sayar da awara ko ƙuli-ƙuli ko buhun iri shi ma ya sani, in hoton tallarsa ya nuna abin da ya fi kayansa, ya koma cikin algus ɗin da babin ciniki ya hana. Ku riƙa rubutawa a ƙasan hoto cewa na'ura ce ta zana, kada kuma ku ba ta hoton kowa sai da izininsa.

Shugaba, ranka ya daɗe, na ga lokaci ya ja. An shaida mini cewa bayan sallar la'asar za a komo nan da wayoyi domin gwaji, saboda haka ina roƙon kowane saurayi da budurwa da ke son shiga, kafin lokacin, ya zaɓi abu guda a cikin gidansu ko unguwarsu, turmi ne ko rijiya ko ƙofar zaure, ya tsaya ya dube shi sosai, ya rubuto siffarsa a takarda cikin jumla biyar ba tare da ya ambaci sunansa ba. Za mu fara karanta wa juna, in jama'a sun gane abin, sa'an nan mu ba na'ura. Yanzu kuwa ina sauraron tambayoyi, da gyaran malamaina a kan abin da na taɓo na fiƙihu.